Dandalin Kwamfuta: Me Ya Sa Alamomi Ke Rikiɗa a PowerPoint?

Yau za mu taɓo wata matsala da ke kunyata ɗalibai a gaban aji, musamman masu gabatar da aikin kimiyya ko kare furojet. Mutum ya shirya shafukansa tsaf a PowerPoint, ya zuba a filashi, ya kai kwamfutar makaranta, ana haskawa a bango sai alamomin su rikiɗe. Inda ya sa alamar maki sai a ga ü, inda ya sa π sai a ga p.

Kada mu ɗauki abin wasa. Alamar μ, wadda ke nufin kashi ɗaya cikin miliyan, komawa take yi m. Ke nan μg ya zama mg, awon ya ninku sau 1,000. Haka Ω, alamar ohm, komawa take yi W, wadda a darasin Fizis ke nufin watt. Malamin da ke duba aiki abin da ya gani a allo zai yi wa hukunci, kuma maki na iya zubewa a kan kuskuren da ɗalibi bai rubuta da hannunsa ba.

To, mene ne sanadi? Kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi, sannan salon haruffa, wato font, shi ke zana kamannin lambar a allo. Akwai tsofaffin salo irin su Symbol da Wingdings da aka ƙera bisa wata dabara: sun ari gurbin haruffan boko sun zuba hotuna a ciki. A Symbol, wanda ya danna a zai ga α, wanda ya danna D zai ga Δ. A Wingdings, babban J fuska ce mai murmushi. A ƙasa dai harafin na nan yadda yake, riga kawai aka sa masa. Da zarar an buɗe fayil a na'urar da ba ta da wannan salo, kamar yawancin wayoyin Android, sai ta ɗauko wani ta maye gurbinsa, rigar ta faɗi, ainihin harafin ya bayyana.

Mu masu rubuta Hausa mun san wannan ciwo. Duk wanda ya taɓa cin karo da "}asa" a madadin ƙasa, ko "]aya" a madadin ɗaya, ya ga irinsa. Tsofaffin salon Hausa ma gurbin baka-baka suka ara suka zuba haruffanmu masu lanƙwasa.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991. Shi ya ba kowace alama lambarta ta kanta: π tana da 03C0, μ tana da 03BC, Ω tana da 03A9, ƙ kuma 0199. Alamar da aka shigar da lambarta, ko an sauya salo tana nan a matsayinta.

Idan abin ya riga ya faru, mu fara da gano irin cutar. Mu zaɓi alamar da ta lalace, mu dubi sunan salon a sama. In harafin boko ne ya fito a gurbin alama, mu mayar da shi kaɗai zuwa Symbol ko Wingdings; in kwamfutar na da salon, nan take zai dawo. Sau da yawa mu ne ke jawo wannan, lokacin da muka zaɓi rubutun shafi gaba ɗaya muka sauya masa salo don ya yi kyau. In kuwa ɗan akwati ne fanko ya fito, lambar daidai take, salon ne ba shi da zanenta. Sai mu gwada wani mai yalwar alamomi, kamar Segoe UI Symbol ko Cambria Math.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Wajen shigar da alama, mu shiga Insert, mu danna Symbol, sannan a gurbin zaɓen salo mu bar shi a kan na rubutunmu na yau da kullum, mu nemo haruffan Girkanci daga nan. A Windows 10 da 11, danna maɓallin Windows tare da aya yana buɗe taskar alamomi. Mai aiki da waya kuma ya saka Hausa a Gboard, zai samu ɓ, ɗ da ƙ na ainihi.

Kafin a fita da fayil, akwai damar cusa salon a cikinsa: File, sai Options, sai Save, sai a zaɓi Embed fonts in the file. Sai dai ba kowane salo ne masu shi suka yarda a cusa ba, don haka kada a dogara da wannan kaɗai. Mu adana kwafi na biyu a matsayin PDF, domin shi yana tafiya da kamannin shafi yadda muka bar shi, ko da yake motsin rubutu ba zai bi shi ba.

Abu na ƙarshe, mu je ɗakin gabatarwa da wuri, mu buɗe fayil a kan kwamfutar da za a yi amfani da ita, mu bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, muna sa ido a kan awo da alamomin lissafi. Minti biyar sun isa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wanda ya duba aikinsa tun kafin a kira sunansa zai tashi da ƙarfin gwiwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.