FAGEN ILMI: Hanyar Bahaushe Zuwa Sifaniyanci Ba Sai Ta Bi Ta Ingila Ba

Sau da yawa idan aka ce wa mutum ya koyi wani harshe na Turai bayan Ingilishi, sai gabansa ya faɗi, ya tuna irin wahalar da ya sha a makaranta wajen haddace kalmomin da ake rubuta su daban, a kuma faɗe su daban. Wannan tsoro ya hana samari da yawa kusantar Sifaniyanci, alhali kuwa yana cikin harsunan Turai da suka fi sauƙin kamawa ga wanda ya tashi da Hausa a bakinsa. Kuskuren da akan yi shi ne a ɗauko littafin da aka tsara domin ɗan Ingila, a riƙa auna kome da ma'aunin Ingilishi, a manta da dukiyar da ke cikin gida.

Harshen kuwa ba ƙarami ba ne. Mutane kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi tun daga tsumma. Shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, kuma ƙasar da ta fi yawan masu jinsa ita ce Meziko, ba Sifaniya ba. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Har ila yau shi ne harshen mulki a Gini Ikwatoriya, wadda ta sami 'yancin kanta daga Sifaniya cikin shekara ta 1968. Tsibirinta na Bioko, wanda a da ake kira Fanando Po, yana kudu da gaɓar tekun Nijeriya, kuma dubban 'yan Nijeriya sun yi ƙwadago a gonakin koko na can, har zuwa lokacin da aka kwaso su cikin 1975 da 1976. Ɗan kasuwa ko ɗalibi ko ɗan ƙwallo da zai nufi ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe, in bai san ko gaisuwa ba, to, ya miƙa wuyansa ga tafinta, sai abin da aka ga dama aka gaya masa kafin ya sa hannu a takarda.

Sauƙi na farko yana wajen karatu. Haruffan Sifaniyanci 27 ne, wasulansa kuwa biyar, watau a, e, i, o, u, kuma ana faɗinsu kamar yadda ake faɗinsu a Hausar boko, ba sa sauya murya daga wannan kalma zuwa waccan. Wanda ya iya karanta jaridar Hausa zai karanta “amigo”, watau aboki, ko “mesa”, watau tebur, ba tare da malami ba. Harafin ñ shi ne sautin da ke tsakiyar “hanya”, saboda haka “mañana”, watau gobe ko safiya, “manyana” ake cewa. Kaɗa harshe wajen faɗin rr, abin da ke ba ɗan Ingila wuya ƙwarai, Bahaushe yana yinsa kullum a cikin “sharri”; da shi ake bambanta “perro”, kare, da “pero”, amma. Harafin j kuwa daga maƙogwaro yake fitowa, kamar harafin Larabcin nan da ke farkon sunan Khalid, wanda duk wanda ya zauna gaban allo ya san shi.

Amma fa akwai tarkuna uku. Na ɗaya, harafin h ba a furta shi sam: “hola”, gaisuwar yau da kullum, “ola” ake cewa. Na biyu, harafin c ba irin na Hausa ba ne. Kalmar “casa”, watau gida, “kasa” ake karanta ta, ba irin casar shinkafa ba. Sautin c na Hausa da ch suke rubuta shi. Na uku, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne p da f, domin Hausa ba ta raba su. “Puente” gada ce, “fuente” kuwa maɓulɓular ruwa. Baƙon da ya gauraya su, sai a nuna masa wurin shan ruwa alhali ƙetarewa yake nema. Haka kuma sai a kula da gaɓar da ake dannawa a cikin kalma: “hablo” ina magana ke nan, “habló” kuwa ya yi magana. Kunnen da ya saba raba kukan yaro da kukar miya ba zai daɗe bai gane wannan ba.

Sauƙi na biyu yana wajen jinsi. A Sifaniyanci kowane suna ko dai namiji ne ko tamata, abin da ke ruɗa ɗan Ingila domin babu shi a harshensa. Ga Bahaushe kuwa tsohon zance ne, tun da ya san riga ce, wando ne. Abin mamaki ma, ƙa'idar kusan ɗaya ce: yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a mata ne, kuma sifa takan bi jinsin suna, kamar “niño bueno”, yaro nagari, da “niña buena”, yarinya tagari. Yadda gida da ruwa da suna suka ƙare da a amma suka zama maza a Hausa, haka “día”, yini, da “mapa”, taswira, suke maza a can. Sai dai jinsin abu bai cika dacewa a harsunan biyu ba. Rana mace ce a Hausa, wata namiji. A Sifaniyanci “el sol” namiji ne, “la luna” mace. Don haka dabara ita ce kada a haddace suna shi kaɗai, sai tare da “el” ko “la” da ke gabansa.

Akwai kuma wani babi da ake tsorata ɗalibai da shi, watau bambancin “ser” da “estar”. Ingilishi kalma ɗaya yake da ita a madadinsu, shi ya sa littattafansa sukan ɓata shafuna wajen bayani. Hausa kuwa ta riga ta raba su. Inda za a ce “ne” ko “ce” domin faɗin ko wane ne mutum, galibi “ser” ke aiki: “es maestro”, malami ne. Inda za a ce “yana” domin faɗin wuri ko halin da ake ciki, “estar” ke aiki: “está en casa”, yana gida, “está comiendo”, yana cin abinci. Ma'aunin ba ya cika a kowace jimla, amma ya isa ya raka mai koyo watanninsa na farko.

Sauƙi na uku tarihi ne ya kawo shi. Cikin shekara ta 711 rundunar Tariƙu ɗan Ziyadu ta ƙetara daga Arewacin Afirka, aka kafa mulkin Musulmi a ƙasar da Larabawa suka kira Andalus, bai ƙare ba sai da birnin Garnada ya faɗi cikin 1492. A wannan shekara ce kuma Antonio de Nebrija ya buga littafin nahawun harshen na farko. Sifaniyanci ɗan Latin ne, nahawunsa daga can ya gado, amma zaman kusan ƙarni takwas ya bar masa kalmomin Larabci da masana suka ƙiyasta kimanin 4,000. Da yake Hausa ma ta sha daga wannan rijiya, sai a tarar da dangi a inda ba a zata ba. “Azúcar” sukari ne, “aceituna” zaitun, “limón” lemon tsami, “mezquita” masallaci. “Hasta” ɗan'uwan hatta ne, “cifra”, watau lamba, asalinsa ɗaya da sifiri. “Alcalde” tushensa ɗaya da alƙali, ko da yake a can magajin gari yake nufi. Idan kuma Basifane yana fatan wani abu ya faru sai ya ce “ojalá”, wadda asalinta Larabci ne mai ma'anar in Allah ya so.

To, ina wuyar take? Tana wajen aikatau. Bahaushe yakan bar aikatau yadda yake ya sauya wakilin suna: ina, kana, yana, muna. Basifane kuwa wutsiyar kalmar yake sauyawa. Daga “hablar”, yin magana, ake samun hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan, kuma kowane lokaci, na da ko na gaba, da nasa jerin. Aikatau sun kasu gida uku bisa ga ƙarshensu, -ar da -er da -ir, ban da 'yan tawaye irin su “ir”, tafiya, da “tener”, mallaka, waɗanda sai an haddace su ɗai ɗai. Nan babu gajeriyar hanya, sai tilawa. Wanda ya san Ingilishi kuma ya yi hattara da kalmomi masu kama da juna: “embarazada” ta yi kama da kalmar jin kunya, amma mai juna biyu take nufi.

Ladabi ma yana cikin tushen harshen. “Tú” na aboki ne da yaro, “usted” na babba da baƙo, kamar dai yadda ɗan kirki ke ce wa dattijo “ku”. Mai farawa ya riƙe “buenos días” da safe, “buenas tardes” da yamma, “gracias” wajen godiya, “por favor” wajen roƙo, “¿cuánto cuesta?” wajen tambayar kuɗin kaya, da “no entiendo” in bai gane ba. Alamar tambaya da aka kifar a farkon jimla al'adar rubutunsu ce, domin mai karatu ya shirya muryarsa tun da wuri.

Shawarar wannan fili ga mai niyya ita ce ya tanadi littafin rubutu, ya raba kowane shafi biyu, Sifaniyanci a hagu, Hausa a dama, ba tare da wani harshe a tsakani ba. Ya ba abin rabin sa'a kullum, yana karatu da murya a fili, domin hakan ya fi yini guda a mako. Ya saurari masu harshen a rediyo ko a wayar hannu ko da bai fahimci kome ba tukuna. Wanda yake bukatar takardar shaida, akwai jarrabawar DELE da Cibiyar Cervantes ke shiryawa, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa cikin 1991. Matakanta shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma na farkon bai wuce gaisuwa da ƙirga da bayanin kai da cinikin kasuwa ba. Daga nan sai a ci gaba mataki mataki, gama sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.