Mun hana su tambaya, yau tambaya ake nema a bakinsu

Ƴan uwana malamai da iyaye, yau ƙorafi na kawo, kuma ni ne mutum na farko da ƙorafin ya hau kansa.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na koyar a CM2 lokacin ina sabon fitowa daga makarantar horon malamai. Yau shekara 8 ke nan yana aikin rubuta manhajar kwamfuta a Yamai. Bara ya nemi matsayin babban injiniya a wani kamfanin waje, irin aikin da mutum ke yi daga ɗakinsa ta intanet. Wata 3 yana shiri, dare da rana. Ya faɗi. Da ya zo Maradi hutun babbar salla, ya zaunar da ni ya ba ni labarin abin da ya kada shi, kuma tun ranar ban sake shiga aji da kwanciyar hankali ba.

Ganawar ɗaukar irin wannan aiki matakai gare ta. Akwai matakin da za a ba ka matsala ka rubuta mata amsa da harshen kwamfuta cikin minti 45 ko awa guda. Wannan shi ƙanena ya yi wa shiri. Ya kwana kan shafin LeetCode, inda ake tara irin waɗannan matsaloli, ya kuma bi littafin Cracking the Coding Interview na Gayle Laakmann McDowell, wanda bugunsa na 2015 ke ɗauke da tambayoyi 189. Ya haddace su kamar yadda ya haddace resitasiyon a ajina. Wannan mataki ya wuce shi ba gardama.

Sai dai babban injiniya shi ke jagorantar wasu, shi ke yanke shawarar da kamfani zai zuba kuɗi a kanta, don haka ba haddarsa kaɗai ake aunawa ba. A mataki na gaba aka ce masa: tsara mana hanyar aika kuɗi ta wayar salula. Iyakar tambayar ke nan, kuma da gangan aka bar ta a buɗe. Ana jiran ya ce: mutum nawa za su yi aiki da ita, dubu goma ko miliyan goma? Idan rezo ya yanke bayan an cire kuɗi daga asusun mai aikawa, ba su kai ga mai karɓa ba, me ya kamata ya faru? Idan mutum ya danna sau biyu, yaya za a hana a cire masa sau biyu? Duk wannan ƙanena ya sani, aikinsa ne na kullum. Amma ya yi shiru kusan minti 10, ya zana abinsa, ya miƙa amsa gamammiya kamar ɗalibin da ke miƙa kaye. Suka rubuto masa cewa bai yi tambaya ba, kuma bai bari sun ga yadda yake tunani ba.

Mataki na ƙarshe na halayya ne. Manyan kamfanoni ba su ɓoye abin da suke nema. Amazon, alal misali, ta wallafa ƙa'idojin jagoranci 16 da take auna ma'aikata da su, ɗaya daga ciki kuwa ita ce mutum ya iya musa wa shawarar na gaba da shi cikin ladabi, idan an yanke hukunci kuma ya bi da zuciya ɗaya. A nasa kamfanin aka tambayi ƙanena: ba mu labarin wani babban kuskure da ka taɓa yi. Ya ce ba ya tuna wani na kirki. Alhali akwai daren da gyaran da ya saka ya tsayar da aikin kamfaninsu har asuba, shi ya gano matsalar, shi ya gyara, shi kuma ya kawo dokar cewa kada a sake saka gyara sai mutum na biyu ya duba. Labarin da zai ba shi aikin ke nan, ya ɓoye shi.

Na ce masa: "Kai kuwa auta, me ya hana ka faɗa?" Ya yi murmushi ya ce: "Yaya, a ajinka wanda ya ce ya yi kuskure bulala yake sha."

To, malamai, mu faɗa wa juna gaskiya. Wa ya koya masa shiru? Mu ne. Mu ke cewa yaro mai yawan tambaya fitinanne ne. Mu ke duba amsar ƙarshe mu ja jan biro, ba mu damu da hanyar da yaro ya bi ba. Mu ke rage maki a dikte kan kowane kure har yaro ya tashi da sifiri, ya koyi cewa kuskure abin kunya ne da ake binnewa. Da yawanmu mun rataya wa yara sambol don sun yi Hausa a harabar lakkol, muka raba su da harshen da suke tunani da shi, sannan muna mamakin bakinsu ya mutu. A gida kuma, yaro na buɗe baki sai a ce manya na magana. Muna faɗin matambayi ba ya ɓata, amma matambayin muke duka.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce mushe mai yara 90 a aji ɗaya, wasu a runfar kara, ina ya ga lokacin sauraron tunanin kowa? Ni ma irin ajin nake riƙe da shi, kuma ban ce a saurari 90 a rana ɗaya ba. Yaro biyu a rana, minti biyar kowane, cikin wata biyu kowa ya tsaya gaban tablo. Za a ce hadda ita ce tushen ilimi. Ban musa ba: wanda bai haddace jadawalin ninkawa ba, lissafi zai wahalshe shi, kuma ba don hadda ba da ƙanena bai wuce matakin farko ba. Amma tushe ba ɗaki ba ne, ba wanda ke kwana a kansa. Za a ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, za ta ɓata tarbiyya. Ku je zauren kowane malami na ilimi a garin nan, ku ga yadda ɗalibi ke tsayar da karatu ya ce "Allah gafarta malam, ban gane nan ba." Tambaya cikin ladabi tamu ce tun fil'azal.

Wani kuma zai ce yara nawa ne cikin namu za su zama injiniyan manhaja? Kaɗan ne. Amma likita da unguwar zoma da makanike da magini, wanne ne bai buƙatar ya tambaya kafin ya taɓa, ya kuma faɗi kuskurensa kafin ya zama ɓarna?

Ga yadda muka sake shirin, ni da shi, a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu. Ni na zama mai yi masa tambaya, ni da ban san komai kan kwamfuta ba. Muka kafa doka uku. Ba zai taɓa alli ba sai ya yi mini tambaya biyar. Duk abin da ya zana sai ya bayyana shi da babbar murya, da Hausa, har in gane. In ban gane ba, shi ma bai gama ganewa ba. Sannan ya rubuta labarai shida na aikinsa, biyu na kuskure, kowane da tsarin da masu wannan ganawa ke so: halin da aka shiga, nauyin da ke kansa, abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Ranar farko gumi yake kamar mai noma. A mako na biyu har musu yake yi da ni.

Dokokin nan uku na ɗauko na kai ajina. Yanzu rabin makin lissafi na hanya ne. Sau ɗaya a mako ina ba da matsalar da na cire mata wani adadi, wanda ya fara cewa "Mushe, akwai abin da ba ka faɗa ba" shi ke da maki. Idan aka tambaye ni abin da ban sani ba, ina cewa ban sani ba, mu bincika gobe. Ba a ƙara mini ko dala ba don wannan, kuma bai ci mini ko dala ba.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya dawo daga lakkol, bayan kun tambaye shi maki nawa ya samu, ku ƙara da cewa: wace tambaya ka yi yau? Idan ya fasa kwano ya zo ya faɗa da bakinsa, kada hukuncinsa ya zama ɗaya da na wanda ya ɓoye.

Ƙanena na da wata ganawar a wata mai kamawa. Ko ya samu ko bai samu ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, yana da shekara 32 yana koyon abin da ya kamata in koya masa yana da 12. Yaran da ke gabanmu yau kada mu bar musu wannan bashin.