Ben Hogan ɗin da Hollywood ta wanke mana

Akwai wata magana da masu son wasan golf suka daɗe suna maimaitawa game da fim ɗin Follow the Sun na shekarar 1951. Cewa suke yi tunda Ben Hogan da kansa ya tsaya a kan aikin, yana gyara wa jarumin fim ɗin, Glenn Ford, yadda ake riƙe sanda da yadda ake bugu, to abin da aka nuna shi ne rayuwarsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji su. Mu kuwa muna ganin nan ɗin ne aka yi ɓatan kai. Mai waƙa ya fi kowa sanin baitin da ba ya so a ji, kuma Hogan ya cire nasa.

Bari mu fara ba fim ɗin haƙƙinsa. Ranar 2 ga Fabrairu, 1949, cikin hazo, kusa da garin Van Horn a jihar Texas ta Amurka, wata babbar bas ta kamfanin Greyhound ta yi taho-mu-gama da motar Hogan. Ya faɗa kan matarsa Valerie don ya kare ta, wannan faɗawar ce ta kuɓutar da shi ma, domin sitiyari ya huda kujerar da yake zaune. Ya karye a ƙugu, da ƙashin wuya, da idon sawun hagu, da haƙarƙari, daga baya gudan jini ya kusa kashe shi. Ya yi kwana 59 a asibiti. Duk da haka, a watan Janairun 1950 ya koma fili a gasar Los Angeles Open, ya yi kunnen doki da Sam Snead, sai a wasan raba gardama aka doke shi. Wannan ɓangaren fim ɗin ya kawo shi ba laifi, har Snead da Jimmy Demaret da Cary Middlecoff sun fito da kansu a ciki.

Amma labarin haɗari da warkewa shekara ɗaya ne kacal a cikin rayuwar mutum. Abin da duk wanda ya san Hogan yake tambaya shi ne: me ya sa mutumin nan yake da shiru haka? Me ya sa yake buga ƙwallo a filin atisaye har hannunsa ya yi jini? Me ya sa abokan wasansa suke zagaye fili da shi sa'o'i huɗu ba su ji kalma goma daga bakinsa ba? Amsar da fim ɗin ya bayar ita ce kunya. Wai bawan Allah ne mai kawaici wanda bai iya mu'amala da 'yan kallo ba, 'yan jarida suka ƙi fahimtarsa, sai da wasiƙun jaje suka cika ɗakin asibiti sannan ya gane ashe ana son sa. Shi ke nan, an warware matsala.

Ga abin da aka ɓoye. Mahaifinsa, Chester Hogan, maƙeri ne. A shekarar 1922, lokacin Ben yana da shekara tara, ya harbe kansa a gidansu da ke Fort Worth. Gidan ya faɗa cikin talauci. Yaron ya shiga sayar da jarida a tashar jirgin ƙasa, yana da shekara goma sha ɗaya ya koma ɗaukar wa masu kuɗi jakar sanduna a filin Glen Garden. Fim ɗin da ya ce tarihin mutum zai bayar, bai ce uffan ba game da ranar da ta fi kowace rana nauyi a ƙuruciyar mutumin. Ba mu ce wannan rana ita kaɗai ta ƙera Hogan ba, amma wanda ya cire ta daga labarin ya hana mai kallo ko da damar yin tambayar.

A madadin haka me aka ba mu? An ƙirƙiro wani aboki mai suna Chuck Williams, ɗan wasa mai raha da shaye-shaye wanda bai taɓa rayuwa ba, don a nuna bambancinsa da Hogan mai natsuwa. An sami fili ga mutumin da babu shi, an rasa fili ga uban da ya haife shi.

Mun san uzurin da za a kawo. Za a ce Hollywood ta wancan zamani tana da dokoki masu tsauri a kan irin wannan mutuwa, kuma Hogan yana da 'yancin rufe sirrin gidansu. Mun yarda da duka biyun. Ba mu zargin maraya don ya ƙi buɗe ciwonsa a gaban duniya. Rigimarmu da masu kallon yau ce, waɗanda suka san abin da aka cire amma suke ci gaba da miƙa fim ɗin ga matasa a matsayin tarihi. Uzurin 1951 ya ƙare tun tuni.

Kuma cutarwar ta koma kan Hogan ɗin kansa. Mutumin da ya zama ƙwararre a 1930 amma bai ci gasa shi kaɗai ba sai 1940, wanda ya ci manyan kofuna tara, shida daga ciki bayan haɗarin, har da uku a shekarar 1953 kaɗai, an mai da shi ɗan kirki mai taushin hali wanda ƙaunar jama'a ta tashe shi daga gadon asibiti. Matashin da ya taso a gidan da aka yi irin wannan rashi ba zai ga kansa a fim ɗin ba, alhali labarinsa ne aka goge.

Ku kalli Follow the Sun idan kun same shi a intanet, za ku ga yadda Amurka ta so ta ga gwarzonta a 1951. Wanda yake neman Hogan kuwa, sai ya fara daga gidan Fort Worth na 1922.