Zabuwa Ba Muguwar Uwa Ba Ce

Mutane da yawa su kan zargi zabuwa, su ce ba ta iya renon 'ya'ya ba. Amma wanda ya lura da halinta sosai zai ga ba a yi mata adalci ba.

Masana sun sa zabi cikin babban dangi ɗaya da kaza da makwarwa da talotalo da ɗawisu, amma sun ware musu gida nasu dabam. Asalinsu duka Afirka ne. Akwai mai tukkun gashi a ka, wanda ke zaune cikin kurmi. Akwai kuma wani a Habasha da Somaliya da Kenya, mai kai kamar na ungulu. Wanda a ke kiwo a ƙasar Hausa shi ne mai ɗan ƙaho a ka, ɗan'uwan zabon daji.

To, ko da ya ke yana cin hatsin gida, halin dajin bai sake shi ba. Da rani zabi su kan yi garke, su wuni suna tsintar ƙwayar ciyawa da fara da gara, da almuru su hau bishiya su kwana. Kadan sun hangi shaho ko maciji, sai su cika gari da kuka, har kaji ma su sami zarafin ɓuya. Sa'ad da damina ta faɗi, na daji su kan rabu biyu biyu, zabo da zabuwarsa.

A lokacin nan ne zabuwa ta kan shiga ciyawa mai duhu ta ɓoye ƙwanta. Wani lokaci biyu ko uku su kan zuba a gurbi ɗaya. Ƙwan yana da ɓawo mai ƙarfi, shi ya sa ya fi na kaza jimrewa. Ta kan kwanta kamar kwana 28 kafin ta ƙyanƙyashe, kaza kuwa kwana 21 ne.

Ga inda zargin ya fito. Da sassafe ta kan ja 'yan tsakinta cikin ciyawa mai raɓa, su jiƙe, sanyi ya kashe da yawa. Amma ina laifinta? Tsuntsuwar daji ce, dole ta yi yawo ta nemi abinci, gama ba ta san akurki ba. Mai kiwon da ya san haka, ya kuwa zuba mata ido, shi ne mai sakaci.

Yaro mai hankali ya kan bi ta a ɓoye har ya gano gurbin. Ba ya kwashe ƙwan duka, ya kan bar biyu ko uku, don kada ta sake wuri. Sa'an nan ya sa wa kaza mai kwanci. Idan zai haɗa da nata ƙwan, sai ya fara sa na zabin da mako ɗaya, su ƙyanƙyashe tare. Bayan haka ba ya sakin 'yan tsakin sai rana ta ɗaga, raɓa ta bushe.