Martani Ga Mai Ƙin Gwajin Ciwon Hanta

Wani marubuci ya yi da'awar cewa gwajin ciwon hanta nau'in B ba shi da fa'ida, tunda likitoci ba su iya tumɓuke cutar daga jiki, sai dai sakamakon ya jefa mutum cikin zullumi, ya wargaza baiko. Zullumin haƙiƙa ne, amma hujjar ba ta tsayu ba.

Shin rashin waraka ɗungurungum uzuri ne na barin cuta ta ci hanta a ɓoye shekara da shekaru, har ciki ya kumbura, idanu su yi rawaya, sankara ta kafu, alhali maganin tenofovir, ƙwaya guda kullum, yana danne ta? Batun baiko kuwa, allurar rigakafi tana kare abokin zaman da bai kamu ba, a ɗaura aure lafiya.

Sa'an nan ina ya baro jarirai? Waɗanda suka kamu wajen haihuwa, kusan kashi 90 cikin ɗari cutar takan zauna musu, amma allurar rigakafi cikin awa 24 na farko galibi tana tserar da jarirai daga kamuwa. Uwar da ta haihu a ɗakinta, ba a taɓa gwada ta ba, wa zai gaggauta kai ɗanta asibiti?