Bayajidda Ya Kashe Macijiyar Kusugu Don Mutanen Daura Ne, Ko Don Ƙishirwarsa?

Kwanakin baya, bayan an tashi ajin katikisma, wani saurayi ɗan sakandare ya tsare mu a bakin ƙofar majami'a da wata tambaya. Ya ce a makaranta an koya musu cewa ba wata halitta da take yin alheri haka kawai, kowace dabba tana da abin da take nema, mutum ma haka yake. Sai ya ce, "To Malam, in haka ne, ashe taimakon da kuke koya mana ciniki ne ke nan?" Ba mu amsa masa a ranar ba, gama tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Mun yi alkawari za mu amsa a wannan fili, domin mun san ba shi kaɗai abin yake damu ba.

Bari mu fara daga gida. Kowane yaro a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Kamar yadda labarin gargajiya ya zo, Bayajidda ya iso gari da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, saboda macijiyar da ake kira Sarki ta hana. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijiyar, ya ɗebi ruwansa. Mai karatu ya lura, abin da ya kai shi bakin rijiya ƙishirwa ce, tasa da ta dokinsa. Bayan haka kuma bai tashi a banza ba, gama ya auri Sarauniya Daurama. In muka bi lissafin saurayin nan, Bayajidda ɗan kasuwa ne kawai. Amma a tambayi matar da ta je rijiya ranar Talata ta cika tulunta, ba tare da jiran Juma'a ba, ko ƙishirwar baƙon ta rage wa ruwan daɗi. Masu son kai na ainihi a labarin su ne waɗanda suka fito da safe kowa yana cewa shi ya kashe, suna neman rabin gari da aka yi alkawari, alhali a kan gadonsu suka kwana.

Game da dabbobi kuwa, malamin saurayin yana da gaskiya mai yawa, kuma bai kamata mu Kirista mu ji tsoron faɗin haka ba. Ƙudan zuma in ya harbi mutum, ƙarinsa yakan maƙale a fata, ya fita da wani sashen cikinsa, ya mutu. Da gani sai ka ce ya ba da ransa domin waɗansu. A shekarar 1964 wani masani ɗan Ingila, W. D. Hamilton, ya bayyana dalilin irin wannan: ma'aikatan amya duka 'ya'yan uwa ɗaya ne, wanda ya mutu yana tsaron amya jininsa ne yake tsarewa. Kazar da take buɗe fukafukai ta tari shirwa ma haka, 'yan tsakinta take karewa, ba mu taɓa ganin ta yi wa 'ya'yan agwagwar maƙwabci wannan kasada ba sai in ita ta ƙyanƙyashe su. A 1971 wani Ba'amurke, Robert Trivers, ya ƙara bayani a kan taimako tsakanin waɗanda ba dangi ba, wato abin da Bahaushe ya daɗe da sa wa suna cuɗe ni in cuɗe ka. An ga haka a fili wajen jemagu masu shan jini na ƙasar Kosta Rika, waɗanda Gerald Wilkinson ya rubuta a kansu a 1984. Jemagen da ya kusa kwana uku bai samu abinci ba mutuwa yake yi, sai wanda ya ƙoshi ya amayo masa, amma ya fi yi wa danginsa da waɗanda suka saba kwana tare suna taimakon juna. Har carkin nan da muke gani a bayan shanu muna yabonsa da cire kaska, wani bincike da aka yi a Zimbabwe aka buga a shekarar 2000 ya nuna yana yawan tonon miki ya sha jini.

Mu kuma fa? A nan ne maganar take da zafi. A ƙauyukan Sandamu da Zango da Baure, in aka kira gayya mutum yakan fita da fartanyarsa domin ya san ranar tasa tana zuwa. Mata sun san ƙa'idar biki: abin da kika kai wa wata ranar sunanta ana riƙe da shi a ka, wani lokaci har a rubuce, in naki ya zo a mayar miki da ƙari. Har karin maganarmu ta ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato ita kanta tana yi wa mai alheri alkawarin riba. Ba mu raina waɗannan al'adu ba ko kaɗan. Da su ne talaka yake nome gonar da ta fi ƙarfinsa, da su ake aurar da 'ya'ya. Taimakon da yake komowa wurin mai shi taimako ne na gaske, kamar yadda ruwan Kusugu ruwa ne na gaske.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: yana da iyaka, iyakarsa kuwa daidai take da ta jemage da ƙudan zuma. Wanda ba danginka ba ne, kuma ba shi da abin da zai mayar, ya fita daga lissafi. Mun ga wannan da idonmu cikin ikilisiya, kuma da mu aka yi. In ɗan mai hali zai yi aure, gudummawa har sai an rasa wurin ajiye ta. In gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara ta kwanta ciwo, sai a yi mata addu'a daga bagadi a wuce. Ba wanda ya yi shawarar a yi haka, lissafin ne yake aikinsa a ɓoye cikin zuciya. Saboda wannan ne, a ganinmu, Ubangiji Yesu cikin Luka sura 14 ya gargaɗi mai masaukinsa game da gayyatar waɗanda za su iya rama masa, ya nuna masa matalauta da guragu da makafi.

To, akwai mutumin da ya taɓa ƙetare iyakar nan? Akwai, kuma muna so 'yan'uwa su ji sunansa da kyau. Ranar 23 ga Yuni 2018, sa'ad da mahara suka auka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekara 83, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista. Ya tsaya a gaban masu makamai ya ƙi ba da su. Ba danginsa ba ne, ba addininsu ɗaya ba, a wannan sa'a kuwa ba abin da masu gudun za su iya ba shi sai haɗari. Gaskiya ne a 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo. Mai son gardama zai ce ga ladan nan ya samu, ko ya ce yana sa rai ga lada wurin Allah. Amma lokacin da yake tsaye a bakin ƙofa ba wanda ya yi masa alkawarin zai ga wayewar gari. In kuwa begen lada wurin Allah shi ne yake sa tsoho ya tare wa baƙi bindiga, muna roƙo irin wannan son kai ya yawaita a ƙasar nan.

Don haka amsarmu ga saurayin ita ce, ba za mu iya buɗe zuciyar kowa mu wanke ta mu ga ko akwai sauran son kai ba, har tamu ma. Wannan bincike na Allah ne. Abin da za mu iya dubawa shi ne inda taimakonmu yake tsayawa. Cikin labarin Kusugu ma, wadda ba a cika tunawa da ita ba ita ce Ayana, tsohuwar da ta buɗe wa baƙo ƙofa da dare tun bai kashe kome ba, ba ta kuwa da ko ruwan da za ta ba shi.

Muna ba dattawan ikilisiyoyinmu da zumuntar mata shawara, kafin girbin bana, su ɗauko littafin gudummawa na shekarar da ta wuce, su karanta sunayen waɗanda aka kai wa, sa'an nan su rubuta a gefe sunayen gwauraye da marasa lafiya da baƙin da suke zama a bencin baya. Mun gwada wannan a namu littafin makon jiya, tare da saurayin da ya yi tambayar. Shi ya riƙe alƙalami, kuma shafin gefen ne ya fi tsawo.