«A kore shi!»: nawa ne kuɗin sallama, kuma daga wace jaka?

Duk ranar da Mena ta sha kashi, ba a rasa alƙalai a fadodin Yamai. Kafin shayi na biyu ya nuna an gama shari'a, daga Bukoki har Harobanda: a kori mai horarwa. Wannan ba laifi ba ne, haka masoya ƙwallo suke a ko'ina. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta ba a gindin butar shayi. In an kore shi, nawa za a biya shi, kuma wa zai rasa nasa domin a biya?

Mutumin da labarinsa ya fi amsa wannan tambaya ba baƙo ba ne a wurinmu. Gernot Rohr, Bajamushen da ya yi suna a ƙungiyar Bordeaux ta Faransa, ya karɓi Mena a watan Satumba na 2012. Shi ya jagorance ta a gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, inda ta samu makinta na farko a tarihin gasar, bayan ta tashi canjaras babu ci da Kwango Kinshasa. A watan Oktoba na 2014 ya yi murabus. A riƙe wannan kalma, domin a dokar ƙwallo tsakanin wanda ya ajiye aiki da kansa da wanda aka sallama akwai tazarar miliyoyi.

Maƙwabtanmu na Najeriya su suka ɗanɗani ɗaya ɓangaren. Sun ɗauki Rohr a watan Agusta na 2016, ya kai su gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, ya samo musu matsayi na uku a gasar Afirka ta 2019 a Masar. A 2020 aka sabunta kwantiraginsa zuwa ƙarshen 2022. Da ƙorafi ya yi yawa kan yadda Super Eagles ke wasa, hukumar NFF ta sallame shi ranar 12 ga Disamba na 2021, saura ƙasa da wata ɗaya a fara gasar Afirka a Kamaru. Rohr ya kai ƙara gaban FIFA, kuma a watan Mayu na 2022 aka ji cewa an umarci NFF ta biya shi diyyar kusan dala dubu 378. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba. A canjin lokacin, kuɗin sun haura miliyan 200 na sefa.

Me aka saya da wannan kuɗi? Tunusiya ta fitar da Najeriya a zagaye na biyu a Garwa, sannan a watan Maris na 2022 Gana ta hana ta zuwa Katar. A watan Mayun da hukuncin ya fito, NFF ta ɗauki José Peseiro ɗan Fotugal. Wato albashin sabo ya hau kan bashin tsoho.

Dokar ba ta da wuyar fahimta. Tun ranar 1 ga Janairu na 2021 FIFA ta saka masu horarwa cikin ƙa'idojin da ke kare kwantiragi, kamar yadda ƴan wasa suka daɗe a ciki. Wanda aka sallama ba tare da hujjar da doka ta yarda da ita ba, in kwantiragin bai faɗi adadin diyya ba, ana biyan sa abin da ya rage na albashinsa har ƙarshen wa'adi, a cire abin da ya samu in ya kama sabon aiki a tsakani. Rashin cin wasa shi kaɗai ba kasafai alƙalan FIFA ke karɓar sa a matsayin hujja ba. In kuma hukumar ƙasa ta ƙi biya cikin kwana 45, ana iya riƙe wani kaso na kuɗin raya ƙwallo da FIFA ke aiko mata. Zimbabuwe ta ga abin da ya fi haka tun kafin wannan doka: a watan Maris na 2015 aka cire ta daga wasannin share fagen kofin duniya na 2018 saboda bashin wani mai horarwa ɗan Barazil, José Claudinei Georgini, bashin da bai kai dalar Amurka dubu 100 ba.

Akwai wani wasa da ya mai da wannan lissafi rubutacciyar doka, wanda kowa ke iya karantawa tun kafin a yanke shawara. Wasa ne da ba mu da shi, ba mu ma da yanayinsa: hoki na kan ƙanƙara, a gasar NHL ta Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 32. Nisansa da mu ba ya hana a leƙa littafin kuɗinsa.

Bayan rikicin masu ƙungiyoyi da ƴan wasa da ya cinye kakar 2004-2005 baki ɗaya, NHL ta kafa iyakar albashi. Kowace shekara ana yanke adadin da ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan ƴan wasanta duka, komai arzikin mai ita. An fara da dala miliyan 39. A kakar 2023-2024 iyakar ta kai miliyan 83.5, a ta 2025-2026 kuma miliyan 95.5. Abin da ake rubuta wa kowane ɗan wasa a cikin wannan iyaka shi ne matsakaicin albashinsa na shekara, wato jimillar kwantiragi a raba da yawan shekarunsa, ko da a zahiri wata shekara ya karɓi fiye da haka, wata ƙasa da haka.

Ƙungiyar da ta gaji da ɗan wasa tana da hanyar rabuwa da shi, wadda za mu iya kira fansar kwantiragi. In ya kai shekara 26, za ta biya shi kashi biyu cikin uku na albashin da ya rage. In bai kai ba, kashi ɗaya cikin uku. Ba a biya lokaci guda, ana shimfiɗa kuɗin a kan ninki biyu na shekarun da suka rage. Ɗan wasan ya zama ɗan kansa, ya sa hannu inda ya ga dama. Amma sunansa ba ya fita daga littafin tsohuwar ƙungiyarsa: duk tsawon waɗannan shekaru ana cire wani adadi daga iyakar albashinta, kuɗin da ba za ta iya ɗaukar kowa da su ba.

Ƙungiyar Minnesota Wild ita ce misalin da ake yawan bayarwa. Ranar 4 ga Yuli na 2012 ta ɗauki taurari biyu, Zach Parise da Ryan Suter, kowanne a kan dala miliyan 98 na shekara 13. Matsakaicin ya kama miliyan 7.5 da ƴan kai a shekara ga kowanne. Dabarar da aka yi ita ce a zuba mafi yawan kuɗin a shekarun farko, a bar ƴan canji a na ƙarshe, domin matsakaicin ya sauko. A watan Yuli na 2021, da saura shekara huɗu, manajan ƙungiyar Bill Guerin ya fanshi kwantiragin duka biyun.

A hannu, abin ya yi araha. Miliyan 10 kawai suka rage wa kowanne, kashi biyu cikin uku ya kama miliyan 6.67, a raba shekara takwas, wajen dala dubu 833 a shekara. Amma lissafin iyakar albashi ba haka yake tafiya ba. Ana ɗaukar matsakaicin nan na miliyan 7.5, a rage masa abin da ƙungiyar ta tsira da shi a zahiri a wannan shekara kawai. Tun da albashin shekarun ƙarshe ƙarami ne, abin da aka tsira da shi ma ƙarami ne. Sai ga shi an rubuta wa Minnesota miliyan 4.7 a kakar farko, miliyan 12.7 a ta biyu, miliyan 14.7 a ta uku da ta huɗu, sannan miliyan 1.67 kowace shekara har 2029. A kakar 2023-2024, kusan kashi 18 cikin ɗari na abin da aka yarda ta kashe ya tafi a kan mutum biyu da ba sa sanye da rigarta. Sauƙin da ta ji a shekarun farko na kwantiragin, ashe rance ne.

Kuma an ga wanda ya biya. A watan Yuni na 2022 ƙungiyar ta miƙa Kevin Fiala ga Los Angeles Kings, bayan kakar da ya fi kowace haskawa a wurinta, domin babu gurbin da za a saka sabon albashinsa. Shi kuwa Suter ya koma Dallas, wadda ita ma ta fanshi kwantiraginsa a 2024, ya zama mai karɓar kuɗi daga ƙungiyoyi biyu da ba ya yi wa wasa.

Wani zai ce mu ba mu da iyakar albashi, me ya haɗa mu da wannan? Muna da ita, ba a dai rubuta ta ba ne. Iyakarmu ita ce girman jaka. Shirin FIFA Forward na 2023 zuwa 2026 ya ware wa kowace hukumar ƙasa abin da bai wuce dalar Amurka miliyan 8 ba a shekara huɗu, miliyan 5 na gudanarwa, miliyan 3 na ayyuka. Sai abin da gwamnati ta bayar da ɗan abin da masu talla suka kawo. Da irin wannan jaka FENIFOOT ke tafiyar da gasar Super Ligue, da ƙungiyoyin matasa da na mata, da alƙalan wasa, ga kuma wasannin «gida» da Mena ta sha bugawa a Maroko a lokacin da filin Janar Seyni Kountché bai samu amincewar CAF ba. Hukumar da ke samun dala miliyan 1.25 na gudanarwa a shekara, in aka yanke mata diyya irin ta Rohr, kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shekarar ya tafi. Ya fi na Minnesota ciwo.

Bambancin shi ne, mai goyon bayan Minnesota ya san adadin tun ranar da aka yanke shawara, shekara bi shekara, a wayarsa ta salula. Yana iya cewa manajan ya yi daidai ko ya yi kuskure, da lissafi a hannu. A yankinmu ba a saba bayyana abin da kwantiragin mai horarwa ya ƙunsa ba. Ana jin adadi ne ranar da takardar FIFA ta iso, wani lokaci bayan waɗanda suka sa hannu sun bar kujera. Gurbin da diyyar ta cinye kuwa ba ya fitowa da suna irin na Fiala. Yana fitowa ne a sansanin horo da aka soke, ko alawus ɗin ƴan wasa da ya makara, kuma ba wanda zai haɗa wannan da wancan.

Ƙungiyoyinmu ma abin ya shafe su. Yawancin manyan na hukumomi ne da kamfanonin gwamnati: AS FAN, AS GNN, USGN, AS Douanes, AS Police, AS SONIDEP. Kasafinsu yana zuwa daga sama, kuma ba ya ƙaruwa don an yi kuskuren ɗauka. Duk ƙungiyar da ta ɗauko ɗan wasa daga wata ƙasa ta sani cewa yana da ƙofar kotun ƙwallo ta FIFA, kuma ba a karɓar masa kuɗin shigar da ƙara. In aka riƙe masa albashin wata biyu, ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce ba a biya ba, yana da damar tafiya ya kuma nemi ragowar kwantiraginsa. Ƙungiyar da ta ƙi biya ana hana ta rajistar sababbin ƴan wasa, hukuncin da ya sha faɗa wa manya irin Zamalek ta Masar da Club Africain ta Tunusiya. Ɗan wasan gida kuwa, rigimarsa a gida take tsayawa.

Nan ne abin ya fi damuna. Tsadar sallama ba ɗaya ba ce ga kowa, shi ya sa haƙurin da ake yi da mutane ma ba ɗaya ba ne. Harouna Doula ya kai Mena gasar Afirka karo na farko, ta 2012, CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na 2011. Wasa ɗaya aka rasa a hannun Gabon, aka matsar da shi gefe aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis ana tsakiyar gasa. Shi ne kuma, shekara goma sha ɗaya bayan haka, ya kai ƴan wasan gida zagayen kusa da na ƙarshe na gasar CHAN a Aljeriya a farkon 2023. Baƙo yana da lauya da kotun FIFA a bayansa, don haka akan yi tunani sau biyu kafin a taɓa shi. Ɗan gida sau da yawa kunya da zumunci ne kawai garkuwarsa.

Ba na cewa a kwaso tsarin NHL a dasa a Yamai. Can iyakar ta dogara ne a kan raba kuɗin shiga biyu tsakanin masu ƙungiyoyi da ƴan wasa, mu kuwa kuɗin talabijin da za a raba ɗin ne babu. Abin ɗauka ƙarami ne: a rubuta farashin rabuwa tun ranar ɗaurin aure. Dokar FIFA da kanta ta ba da damar a faɗi adadin diyya a cikin kwantiragi, muddin bai zama zalunci ga ɓangare ɗaya ba. Kwantiragin shekara biyu da ya bayyana albashin wata nawa za a biya in an rabu ya fi na shekara huɗu da aka sa wa hannu cikin murnar nasara. A watan Maris na 2025 aka zaɓi shugaban FENIFOOT na lokacin, Kanal-Manjo Djibrilla Hima Hamidou, ya shiga majalisar zartarwa ta FIFA, don haka sanin waɗannan ƙa'idoji ba abin da za a je nema nesa ba ne. Mu ma ƴan jarida da namu: ranar gabatar da sabon mai horarwa mukan tambayi tsarin wasa da burin zuwa gasar Afirka, mu manta da tsawon wa'adi da sharaɗin rabuwa.

Shi dai Rohr bai daɗe a zaune ba. A watan Fabrairu na 2023 ya karɓi ƙungiyar ƙasar Benin. Ranar 10 ga Yuni na 2024, a Abijan, Benin ɗinsa ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan share fagen kofin duniya, kuma bayan ƴan kwanaki mai horar da Super Eagles na lokacin, Finidi George, ya ajiye aiki.